Daga Matakala 300 Zuwa Gindin Dala: Sharhi Kan Fim Ɗaya da Littafi Ɗaya

Wanda ya yi zamanin gidajen kallo a Faskari ko Ƙanƙara, lokacin da ake iya kaiwa sha ɗayan dare a waje gaban kowa bai faɗi ba, ya san irin shirun da kan sauka idan fim ɗin Indiya ya iso wurin da ake jira. Mai gyaɗa ya daina kiran ciniki, masu gardamar ƙwallo a bencin baya su yi tsit. A fim ɗin Chennai Express na Rohit Shetty, wanda ya fito a 2013, wurin da ake jira shi ne hawan matakala. Shah Rukh Khan ya ɗauki Deepika Padukone cak a hannu, zai hau da ita matakala 300 zuwa wurin bautar da ke bisa tsauni. Mun ga dattijo da carbi a hannu yana taya jarumin ƙirga. Da aka kai ƙarshe har tafi aka yi.

Kwanan baya muka sake kallon wurin a waya, a daidai lokacin da muke maimaita karatun Tarihin Kano, sai abubuwan biyu suka haɗu a ranmu suka ƙi rabuwa. Dukkansu labarin dutse ne da mutanen da ke zuwa gare shi da buƙata. Ɗaya an shirya shi don kasuwa, ɗaya malami ne ya rubuta shi a fada. Kowanne yana da abin da ɗan'uwansa ya rasa, kuma marubucin Hausa na yau, musamman mu da muka tashi a tsakanin duwatsun kudancin Katsina, yana da darasi a cikinsu da har yanzu bai ɗauka ba.

Abin da fim ɗin ya iya

Mutane da yawa suna tuna barkwancin fim ɗin su manta da cewa ƙashin bayansa ziyarar ibada ce. Rahul ɗan shekara 40 ne, kakansa ya mutu, kakarsa ta damƙa masa tokar gawar ya kai ta Rameswaram, wani tsibiri a jihar Tamil Nadu da ke cikin wurare huɗu mafi daraja ga masu ziyara a addinin Hindu. Shi kuwa hankalinsa na Goa, inda ya shirya shan iska da abokai. Ya shiga jirgin ƙasa ne kawai don tsohuwa ta ga kamar ya kama hanya. A jirgin ya gamu da Meena, wadda ta gudo daga auren dole, ƙarya ta yi ta haifar ƙarya har suka faɗa wani ƙauye a matsayin miji da mata. Al'adar ƙauyen kuwa, ango ya ɗauki amarya ya hau da ita wurin bauta.

A nan Shetty ya yi dabararsa. Mutumin da ya kwashe rabin fim yana ƙarya da bakinsa, an kawo shi inda gwiwa ce za ta yi magana, ita kuwa gwiwa ba ta iya ƙarya ba. Kyamara ta tsaya a kan gumi da rawar ƙafa da numfashin da ke sama-sama, sannan ta koma fuskar Meena, inda raini ke narkewa matakala bayan matakala. Mai kallo a Sabuwa bai buƙatar jin Hindi ko Tamil kafin ya fahimta, domin ya san nauyin buhun masara a ka, ya kuma san yadda tudu ke ƙara tsawo idan an kusa kaiwa.

Rauninsa kuma a nan yake. Wurin bautar ba shi da aikin yi a labarin. Da za a cire shi a sa benen otal mai hawa 20, soyayyar za ta tsaya da ƙafarta. Mutanen ƙauyen ado ne kawai, ba wanda aka tsaya a kansa don mu ji abin da hawan yake nufi gare shi. Alhali a Indiyar gaskiya, hawan tsaunin bauta lamari ne mai nauyi. A Tirumala da ke jihar Andhra Pradesh, mai bin hanyar ƙafa daga Alipiri zai taka matakala sama da 3,500, da yawa ba takalmi. Wasu mata kan duƙa su shafa kurkum da jan gari a kan kowace matakala don cika alwashi. A sama a aske kai ƙwal, maza da mata, a bi layi na sa'o'i, duk don a tsaya gaban abin bautar na 'yan daƙiƙu. Suna kiran wannan tsayuwar darshan, ma'anarta gani. Yau har ta intanet ake yankar tikitin layin. Ba ko ɗaya daga wannan da ya shiga fim ɗin. Ya aro matakalar, ya bar masu ita a waje.

Abin da malamin fada ya gani

Tarihin Kano da Larabci aka rubuta shi, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello ɗan Ibrahim Dabo, wanda ya rasu a 1893. Marubucin bai sa sunansa ba. Masanin tarihi John Hunwick ya karkata ga cewa Ɗan Rimi Malam Barka ne, ɗaya daga manyan bayin fada. H. R. Palmer ya fitar da fassarar Ingilishi a 1908, ta Hausa kuma ta fito a Zariya a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Ko wane ne ya riƙe alƙalamin, Musulmi ne mai karatu, yana zaune a masarautar da jihadi ya kafa, kuma ya san matsayin Shehu Usmanu kan yanka wa itace da duwatsu.

Duk da haka da Barbushe ya buɗe littafinsa, kuma bai yi gaggawar wucewa ba. Ya faɗi jikin mutumin da ƙarfinsa da farautar giwarsa. Ya faɗi cewa wurin Tsumburbura itaciya ce da aka kewaye da gini, ba mai shiga sai shi. Ya jero manyan mutanen da ke tare da shi da sana'ar kowa, akwai maƙeri, akwai mai dafa giya, akwai mai magani, akwai mai gadin gari da dare. Da ya zo kan ranar biki sai ya ƙara sassauta tafiya: mutane na ɓullowa daga gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Su taru a gindin Dala da maraice. Sai duhu ya yi Barbushe ke fitowa da makaɗansa, ya yi kirari jama'a su amsa, a tafi wurin itaciyar a yi yanka, ya shiga shi kaɗai, su kuma su yi ta kewaya wurin har gari ya waye. Da safe ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi.

A lura da abu guda da labarin baka ya saba juyawa. Yawancinmu mun tashi da jin cewa Tsumburbura a kan Dala take, mutane na hawa su yi bauta. A littafin, jama'a ba sa hawa. Barbushe ne ke zaune a bisa, shi ke saukowa, sau biyu a shekara. A Tirumala kowa ke hawa don ya gani da idonsa, a Dala mutum ɗaya ke gani ya sauko wa sauran da labari. Wannan bambanci ya isa a gina littafi guda a kansa, domin yana faɗa mana wane ne ke riƙe da ilmi a waccan al'umma, da yadda mulki da addini suka kwana a ɗaki ɗaya. Sai zamani ya juya, yau ranar Takutaha, 19 ga Rabi'ul Awwal, dubban yara da manya ke cika kan Dala suna murnar zagayowar ranar sunan Manzon Allah (SAW). Dutsen da talaka bai isa ya taka ba ya zama na kowa.

Abin da ya fi burge mu a wannan babi shi ne natsuwar marubucin. Ba ya zagi, ba ya tsayawa bayan kowace jimla ya wanke kansa. Launin dabbar yanka, lokacin taruwa, wanda ke shiga da wanda ke tsayawa a waje, duk ya ajiye su yadda aka ba shi. Da ya tsallake su da ba mu da su yau. Bai ma tsaya kan maguzawa kaɗai ba, ya faɗi raunin sarakunan Musulmi. Ya kawo yadda Kanajeji, ɗan Yaji da ya karɓi Wangarawa, ya koma wa tsafin da iyayensa suka rushe don yana neman nasara a kan Zazzau. Ya kawo labarin Dirki, abin da aka naɗe da fata ana yi masa yankan shanu shekara da shekaru, har Sarki Alwali ya sa aka sare shi da gatari aka tarar da Alƙur'ani a ciki. Marubuci mai tsoro ba ya rubuta irin wannan a cikin fada.

Inda alƙalamin ya karkace

Amma ba za mu yi masa yabon da bai kamata ba. Littafin mai nasara ne, kuma hannun mai nasara ya fito a wurare uku.

Na farko, ya auna bikin da kalandar da ba tasa ba. Ya ce ranakun Idi Barbushe ke saukowa, ranar jajibere ake taruwa, alhali ta bakinsa mutanen ba su san Musulunci ba tukuna. Ya ɗauki mudun gidansu ya auna hatsin wasu, da haka ainihin lokacin bikin ya ɓace, ko da kaka ne ko da bazara.

Na biyu, ya sa Barbushe ya yi duban faɗuwar kansa. A bakin boka aka sa labarin baƙon da zai zo ya ƙwace mulki, da itaciyar da za a sare a ƙone, da masallacin da za a gina. Har marubucin ya nuna masallacin kamar yana hango shi daga inda yake zaune. Dabara ce mai kyau a labari, amma aikinta shi ne ta sa wanda aka kayar ya sa hannu a takardar kayensa tun kafin a yi kokawar.

Na uku, wanda ya fi damun mu, shi ne babu mutum ɗaya a cikin taron da aka shiga ransa. Matar da ta taso daga nesa da baƙar kaza a hammata, me ya kawo ta? Haihuwa take nema, ko ɗanta ne ke kwance? Kwana nawa ta yi a hanya, wa ta bar wa gida? Littafin ya ƙirga ta cikin mata ya wuce. Ashe malamin ya ba mu tsarin bautar babu mai bautar, Shetty kuma ya ba mu gumin mai hawa babu bautar. Wanda zai rubuta cikakken labarin dutse sai ya haɗa idon malamin da gwiwar jarumin.

Duwatsun gida

Mai karatu zai ce, to ina ruwan mutumin Faskari da Dala? Ruwansa shi ne Kano ta yi sa'ar marubuci, mu ba mu yi ba, alhali duwatsun muna da su. Wanda ya taso daga Funtuwa ya bi ta Sheme da 'Yankara ya wuce Tsafe, kafin ya shiga Gusau zai ga Dutsen Kwatarkwashi ya tare rabin sama. Yau a jihar Zamfara yake, amma a da cikin ƙasar Katsina ake lissafa shi. Marigayi Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya sa shi cikin manyan cibiyoyin bautar iskoki na wancan zamani, wurin Magiro. Tsofaffi na ba da labarin bikin kamun maiki da samari ke hawa dutsen dominsa. A gida kuma, hakimin Ƙanƙara Sarkin Pauwa ake kiransa, sunan Kogo na nan a sarauta da daji da tsohon birni. Sunaye ne na garuruwan da suka jingina da dutse, kowanne da tarihinsa.

Me rubutunmu na yau ya yi da wannan gado? A littattafan da ke yawo a WhatsApp da Wattpad da finafinan Kannywood, dutse gidan boka ne. Kishiya ta hau, ta tarar da wani mai jan ƙyalle da baƙin kwalli yana ƙyaƙyata dariya, ta ajiye kuɗi, ta sauko, asiri ya kama, daga baya ya karye, a yi nadama. Dutsen ba shi da suna, bokan ba shi da gari ko dangi. Hoton ya maimaitu har ya zama kamar tambarin kamfani. Malamin ƙarni na 19 ya fi mu sanin abin da yake ƙi. Mu muna ƙin abin da ba mu tsaya mun duba ba, sai muka ƙare da zanen dodo.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Tun daren 11 ga Disamban 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa daji da su, sunan Pauwa a labaran tsaro ake jin sa. Yaron da aka haifa a shekarun nan, in ya ji an ce dutse, maɓoyar ɓarayin daji ce ke zo masa a rai. Ƙauyukan gindin duwatsu da dama sun watse, tsofaffin da suka san wace hanya ake bi a hau, wane kogo ake shiga, wane ake tsoro, suna zaman haya ko zaman alfarma a Funtuwa da Malumfashi da Katsina, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Maguzawan yankin da dama sun musulunta, wasu sun zama Kirista, jikokinsu kuma kunyar tambaya suke ji. Mu da sana'armu rubuta manhaja ce mun san doka guda: bayanin da ke ajiye wuri ɗaya tak, ba kwafi, a bakin ɓata yake. Mun ɗanɗana haka a Satumban 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, yanki guda ya yi shiru kamar babu shi. Tarihin duwatsunmu a kan 'yan tsofaffi ƙalilan yake ajiye, kuma irin wannan layin in ya yanke ba ya dawowa.

Tambayar da ba a tsallakewa

Akwai ɗan'uwa da zai ce, tono abin da Musulunci ya binne ba alheri ba ne, mai siffanta shirka da kyau yana iya ƙawata ta. Tsoronsa ba na banza ba ne, domin har yau akwai masu zuwa wurin boka, kuma akwai gidajen da hakan ya rusa. Amma magabata sun riga mu amsa. Alƙur'ani ya ambaci Lata da Uzza da Manata da sunayensu, ya ambaci gumakan mutanen Annabi Nuhu (AS) ɗaya bayan ɗaya. Ibn Kalbi ya rubuta littafi sukutum kan gumakan Larabawa. Albiruni ya koyi harshen malaman Hindu, wajen shekarar 1030 ya rubuta littafi kan aƙidarsu da lissafinsu da wuraren ziyararsu, yana Musulminsa. Ibn Batuta, wanda daga baya ya zo Takedda har ya ambaci Gobir, ya hau tsaunin Sarandib a Siri Lanka a 1344, tsaunin da Musulmi da Hindu da mabiya Buda kowa ke girmamawa da fassararsa, ya siffanta sarƙoƙin da ake kamawa a hau. Ba wanda ya ce ɗayansu ya yi ridda don ya bayyana abin da ya gani.

Mu ma shaida ce a kan kanmu. Fiye da shekara 50 ke nan Bahaushe na kallon Indiyawa suna kaɗa ƙararrawa a wurin bauta, tun daga sinimomin Kano da Gusau har zuwa fassarar Hausa da ake turawa a waya, ba mu taɓa jin wanda ya fito gidan kallo a Sabuwa ya sassaƙa gunki ba. In imaninmu ya jure kallon tsaunin wasu, zai jure karanta tarihin namu. Laifi tudu ne, in ji masu magana, mu kuwa tudun ma muka ƙi takawa.

Kuma ba iyawa muka rasa ba. A saurari Hajiyar da ta dawo daga Makka tana ba da labarin hawan dutsen da Kogon Hira yake, bayan an gama aikin Hajji. Malamai sun gaya mata hawan ba ya cikin ayyukan Hajji, ta kuma yarda, shauƙi ne ya kai ta. Za ta faɗa maka inda gwiwa ta fara ciwo, da tsohuwar Baturkiyar da ta wuce ta da sanda, da ruwan da ya ƙare, da kukan da ya zo mata da ta leƙa ta ga ƙanƙantar wurin. Ga tsari, ga gumi, ga abin da ke cikin rai, duk a bakin mace ɗaya a tsakar gida. Abin da fim ɗin da littafin suka kasa haɗawa, ita ta haɗa shi ba tare da ta san ta yi ba. Matsalar ita ce hirar a tabarma take ƙarewa.

Hukuncinmu dai shi ne, Chennai Express fim ne na nishaɗi mai wuri ɗaya da ya fi sauran jikinsa, babin Barbushe kuma shafuka ne kaɗan da suka cancanci a karanta su a ajin adabi, ba a ajin tarihi kaɗai ba. Ga mai son rubutu a yankinmu, aikin a bayyane yake, kuma wayar da yake karanta wannan sharhi da ita ta ishe shi farawa. Ya nemi tsohuwar da rikici ya koro daga gindin dutse, ya gaishe ta yadda ya kamata, ya zauna ƙasa. Kada ya fara da tambayar ko tsafi gaskiya ne, wannan ya riga ya san amsarsa, ita ma ta sani. Ya tambaye ta wane wata ake zuwa, wa ke ɗaukar tulu, ta wace fuska ake hawa, me kakarta ta je roƙo, kuma da ta sauko me ta ce. Ya rubuta sunan dutsen daidai yadda ta faɗe shi.